Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi daga 'Yan Ƙasar Yauri Mazauna Legas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, wakilin Sarkin Hausawa, limamai da malamai, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, 'yan uwa da abokan arziki, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, barka da hanya. Duk wanda ke zaune a rumfar nan ya san wahalar tasowa daga ƙasar Yauri a mota, a bi ta Kontagora, a sauko Mokwa, a haye gadar Jebba, a ratsa Ilori da Ibadan kafin a faɗo cunkoson Legas. Mu neman abinci ke sa mu binta. Kai kuwa zumunci kaɗai ya taso ka, Allah ya saka da alheri. Talakawanka ne a gabanka: masu sauke albasa a kasuwar Mile 12, masu bandar kifi, direbobi, 'yan canji, masu gadi, da 'yan makaranta. Akwai Hausawa, akwai Gungawa, akwai Kambari da Sarkawa, amma a nan Agege gida ɗaya muke.

Godiya za mu fara yi. Da Babbar Sallar da ta wuce mun kwashi yaranmu da aka haifa a nan muka kai su gida, kai ka sauke su, kai ka sa dattawa suka zauna da su a bakin kwata. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma mun fara ganin alamar haka, don a cikinsu akwai waɗanda Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Da suka hango ruwan, babu ganin ɗaya gaɓar, sun ɗauka irin na Legas ne. Sai da dattawa suka bayyana musu cewa kogin Kwara ne aka tare a Kainji, aikin da aka fara a 1964 aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Aka tayar da mutane sama da 40,000 daga garuruwa da ƙauyuka da gungu, aka sa su a gidajen siminti da gwamnati ta gina. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya rasa ransa a 1806, tana ƙarƙashin ruwa yanzu, haka mafi yawan tsibirin Foge. Wani tsoho ya miƙa sanda tsakiyar tafkin ya ce musu can ne gonar ubansa, can kuma maƙabarta. Yaran suka yi shiru.

Sun ci giwan ruwa da karfasa da kurungu ɗanyen kamu, sun ga yadda mata ke shanya warangi a tabarma, sun ga gonakin albasa a inda ruwa ya ja. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne duhun dare. An ce musu injinan Kainji 8 ne, an gina su don su ba da megawat 760 ga layin wutar ƙasa, wanda Legas ke sha daga gare shi, ga shi kuma garin da ya ba da gonakinsa sau da yawa da tocila yake kwana. Wannan magana ce ta wata rana, ranka ya daɗe, amma ba mu manta da ita ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne hayewa. Ba a ziyartar dangi a ƙasarmu sai an shiga jirgi, kasuwa a jirgi, biki a jirgi, gaisuwar mutuwa a jirgi. Ruwan kuwa yana da lokutansa. Farin ruwa yakan zo da damina ya cika tafkin, baƙin ruwa ya biyo baya da hunturu, bayan ya taso tun daga tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali. Daga bazara sai tafkin ya riƙa ja, kututturan dajin da ruwa ya cinye tun 1968 su matso kusa da sama, ba a ganinsu sai jirgi ya hau kansu. A haɗa wannan da tsohon katako, da lodin da ya wuce kima, mutane da babura da buhuna har ruwa na taɓa leɓen jirgi, da iskar farkon damina. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna zai zo Wara ya dare a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kawai. A rumfar nan akwai waɗanda suka karɓi gaisuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Za a ce ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ƙaddara. Amma mun zauna a garin ruwa mun ga abin da doka ke yi. Mai shiga jirgi daga Ikorodu zuwa cikin gari, ko attajiri ne ko ɗan dako, ba zai taka ba sai ya sa rigar kariya, jami'an LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, na tsaye suna kallo. Haɗari bai ƙare a Legas ba, sai dai mai riga yakan tsaya a saman ruwa har taimako ya iso. A gida kuwa har yanzu wasu na ganin sa rigar raini ne ga ɗan Basarke, wato jinin Sarkawa masunta. To shi ɗan Basarke ya iya iyo, matar da ke goye da jinjiri fa?

Saboda haka mun yi karo-karo mun sayi rigunan kariya, na manya da na yara, suna nan a ɗaure za a sa su a motarka. Mun san HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, ta raba irinsu a wasu wurare, kuma mun san inda da yawa ke ƙarewa, a rataye a ɗaki ko a zama matashin kai. Shi ya sa ba mu aika su ta hannun direba ba, muka jira ka. Roƙonmu, Allah ya taimake ka, a damƙa su ga Sarkin Ruwa bisa amana, a ajiye su a kwata, kada jirgi ya tashi sai kowa ya sa. A ƙayyade wa kowane jirgi yawan mutanensa a rubuta a jikinsa, a hana tafiyar dare. Maganar kututture kuma ta fi ƙarfinmu, sai ka kai ta gaban Mai Martaba Sarkin Yauri, ko a sare su ko a sa musu alama a hanyoyin da jirage suka fi bi. Matuƙa za su yi gunaguni, lodi ne ribarsu, amma maganar da ta fito daga fada ba ɗaya take da tamu ba.

Mu kuma mun ɗauki alkawarin maye gurbin duk rigar da ta lalace, kuma in Allah ya kai mu lokacin Rigata, za mu sake kawo yaran su ga tseren jirage.

Ranka ya daɗe, iyayenmu mata sun tashi tun asuba, tuwon shinkafa na jira. Kafin nan muna roƙon ka yi mana nasiha ka sa wa yaran nan albarka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.