Fitilun da ke Bayan Gilashi: Lacca kan Farashin Talabijin ta LED

Assalamu alaikum. Na baya ku matso ku gani. Wannan siririn ƙarfen da ke hannuna, mai 'yan fitilu jere kamar maɓallan riga, daga cikin talabijin na ciro shi. A kasuwa duk talabijin marar doro filasma muke ce mata, alhali yawancinsu gilashin LCD ne, wanda ba shi da hasken kansa sai an haska shi ta baya. Aikin waɗannan fitilun LED ke nan.

A 2004 kamfanin Sony ya fitar da talabijin Qualia 005 mai inci 46, ta farko da aka haska da LED. Kuɗinta ya haura yen miliyan ɗaya na kuɗin Japan, wajen dala 10,000. Yau a Amurka mai wannan girman ba ta kai dala 300 ba.

Me ya karya farashin? Fitilun sun yi araha, gaskiya ne, tun bayan da injiniyan Japan Shuji Nakamura ya samar da shuɗiyar LED mai ƙarfi a 1993. Amma babban dalilin gilashi ne. Wanda ya taɓa zama wurin tela ya san yadi mai faɗi ya fi fitar da riguna. Masana'antar BOE da ke Hefei a ƙasar Sin tana aiki da falle ɗaya mai tsawon mita 3.37 da faɗin mita 2.94, ta yanko allo takwas masu inci 65 daga cikinsa. Injin ɗaya, ma'aikata ɗaya, allo takwas. Wa zai ja da wannan?

To, ga inda nake da damuwa. Samsung ya daina ƙera gilashin LCD a 2022. Sharp ya tsayar da na masana'antarsa ta Sakai da ke Japan a 2024, LG kuma ya sayar wa kamfanin TCL na ƙasar Sin masana'antarsa ta birnin Guangzhou. Kasuwar ta koma hannun 'yan tsiraru, kuma idan farashi ya faɗi sai su rage aiki har ya farfaɗo. Don haka ni ba na sa ran irin faɗuwar da aka gani a baya. Girma zai ƙaru, kuɗin zai tsaya kusan inda yake.

Mu kuma a nan, da dala ake shigo da ita. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk arahar da Hefei ta kawo, canji ya haɗiye ta kafin kaya su iso Kano.

Shi ya sa na zo da wannan ƙarfen. Idan allonku ya yi duhu amma kuna jin magana, ku kashe wutar ɗaki ku haska gilashin da tocila. In kun hango hoto dishi-dishi, gilashin lafiya lau yake, galibi fitilun ne suka ƙone, kuma mai gyara zai canza su da kuɗi kaɗan. Ku rage hasken allo daga ƙarshe zuwa tsaka-tsaki, zafi ne ke cin su. Bari in miƙa ƙarfen, kowa ya taɓa ya ba na kusa da shi.