Turaren da zan aika wa Yaya a Jos kafin hunturu ya kankama

Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Landan. Yayata da ke Jos ta aiko da saƙo cewa in zaɓo mata turaren sanyi, shi ya sa na jera kwalabe uku a kan teburin nan, dukkansu daga jinsin da Faransawa ke kira gourmand, wato turare mai ƙamshin kayan zaƙi irin su alewa, zuma da cakulan.

Na farko, mai kwalba mai siffar tauraro, shi ne Angel na Thierry Mugler, wanda ya fito a 1992, kuma shi ne ya buɗe wa sauran hanya. Zaƙinsa daga sinadarin ethyl maltol yake fitowa, mai ƙamshin sukarin da ya narke a tukunya, kamar lokacin da ake haɗa alewar madara. Sai dai a ƙarƙashin zaƙin akwai patchouli mai ƙarfi, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ba kowane hanci ne ke jure shi ba. Nawa dai ya kasa.

Na biyu Angels' Share ne na kamfanin Kilian, na shekarar 2020. Kirfa da itace sun zauna daram a cikinsa, amma an gina shi a kan ƙamshin giyar cognac, har kwalbar ma kama take da kofin giya, ga kuma tsada. Na san Yaya ba za ta so ganinsa a gaban madubinta ba.

Khamrah na kamfanin Lattafa da ke Daular Larabawa, wanda ya fito a 2022, shi ne ya fi kwanta mini. Dabino, kirfa da vanilla ne suka fi fitowa, kuma duk wadda ta saba da humra da turaren wuta ba za ta ji shi baƙo ba. Kuɗinsa ma bai kama ƙafar na Kilian ba.

Dalilin da ya sa irin waɗannan suka dace da sanyi shi ne zafi yana saurin tayar da ƙamshi, zaƙin ya cika wuri har ya hau kai, alhali sanyi yana sakinsa sannu a hankali. Amma sanyin Jos ba irin na nan ba ne. Namu na nan da danshi yake zuwa, ya wuni bai ɗaga ba. Na Jos kuwa busasshe ne, yana tsananta da asuba da dare, da azahar kuma rana ta buɗe. Saboda haka, Yaya, ki fara shafa man kaɗanya kaɗan, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare, sannan ki fesa sau biyu kawai. Idan kasuwar Terminus za ki shiga da rana, sau ɗaya a gefen mayafi ya wadatar. Kwalbar Khamrah tana cikin kayan da za su taho a makon gobe, in Allah ya yarda.