Kizimkazi: Ƙauyen Masunta a Kudancin Zanzibar da Masallacinsa Mai Shekara 900

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau gabashin Afirka muka nufa, kuma ba za mu tsaya a gaɓa ba, sai mun tsallaka cikin Tekun Indiya. Ku dubi taswirar nan. Ga Tanzaniya, ga Dar es Salaam a bakin ruwa, ga kuma manyan tsibirai biyu a arewa da ita: Pemba a sama, Unguja a ƙasa. Su biyun nan da wasu ƙananan tsibirai ake haɗawa a ce Zanzibar, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan 1.9. Tsawon Unguja ya kai kilomita 85. Ku bi da ido har can ƙarshen kudu, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya karɓa. A nan ƙauyen Kizimkazi yake.

Daga birnin Zanzibar tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce a mota. Wanda ba shi da gaggawa kuwa zai iya shiga daladala, motar haya ta mutanen gari, ya zauna tare da buhunan gawayi da kwandunan kifi. Idan an iso za a ga ƙauyuka biyu ne suke amsa sunan: Kizimkazi Dimbani da Kizimkazi Mkunguni, 'yar tazara ce tsakaninsu. A Mkunguni akwai wata tsohuwar kuka kusa da teku, wadda sai mutane da yawa sun kama hannun juna kafin su kewaye ta. A Dimbani kuma akwai masallacin da ya sa muka zaɓi wannan wuri.

Kafin mu shiga masallacin, mu fara duba ƙasar da aka gina shi a kai, don duk labarin ƙauyen a kanta ya rataya. Yammacin Unguja ƙasa ce mai albarka, ja, mai zurfi, ga ruwan sama isasshe. Kudu da gabas kuwa dutsen murjani ne shimfiɗe, wato abin da ƙananan halittun teku suka tara cikin dubban shekaru, ya daskare ya zama dutse mai ramuka da kaifi. Ƙasar noma 'yar kaɗan ce, a cikin ramukan dutsen take maƙale. Manomi sai ya sare daji, ya ƙona, ya bi rami-rami yana shuka rogo da dawa da wake, ya kuma jera duwatsu ya yi katanga saboda dabbobi. Ruwan sama ba ya kwanciya a sama, zurarewa yake yi ƙasa, shi ya sa a wurare da dama a yankin cikin kogo ake sauka a ɗebo ruwa. Wanda ƙasa ta hana shi haka, ina ya nufa? Teku.

Rayuwar masuntan nan iska biyu ke juya ta. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba ko Oktoba sai kusi ta karɓa daga kudu, teku ya yi tsauri. Kwalekwalensu ana ce masa ngalawa: gungumen itace guda ake fafewa, galibi na mangwaro, a ɗaura masa katako biyu hagu da dama don kada ya kife, a ɗaga ƙyalle iska ta tura. Wannan iskar ce kuma tun fiye da shekara dubu take kawo jiragen fatake daga Oman da Yaman da gaɓar Farisa da Indiya. Su zo da kaskazi, su zauna watanni suna ciniki, wasu su yi aure, sannan su koma da kusi.

To, ga masallacin. Daga waje ba zai ɗauke maka hankali ba: ƙaramin gini ne, farin bango, rufin zamani, kaburbura a gefe. Sai an cire takalmi an shiga, an fuskanci alƙibla. A jikin bangon nan, gefen mihrabi, akwai rubutun Larabci da aka sassaƙa a dutsen murjani da salon Kufi, irin wanda ƙarshen haruffansa ke fitar da ganye da furanni. Wani sashe ayoyin Alƙur'ani ne. Wani sashe kuma ya faɗi wanda ya ba da umarnin gina masallacin, Shehu Abu Imrana Musa ɗan Hasan ɗan Muhammadu, ya kuma faɗi lokaci: ranar Lahadi, cikin watan Zulƙida, shekara ta 500 bayan Hijira. A lissafin Miladiyya 1107 ke nan. Don a gane nisan zamanin, a wajen wannan lokaci ne ake cewa Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwar Kano.

A nan akwai abin da ya kamata a gyara, don ana yawan faɗarsa ba daidai ba. Za ku ji ana cewa wannan shi ne masallaci mafi tsufa a gabashin Afirka, kuma ginin da ake gani tun na 1107 ne. Dukkan maganganun biyu sun wuce gona da iri. A Shanga, cikin tsibiran Lamu na Kenya, masu tonon kayan tarihi sun gano gurbin masallatan da suka girme shi da ƙarnuka. Shi kuma ginin Kizimkazi an sake ɗaga mafi yawansa a ƙarni na 18, akwai ma wani rubutu na biyu a bangon da ya shaida hakan. Abin da ya tabbata ya wadatar: rubutun na 1107 na cikin mafi tsufan rubuce-rubuce masu ɗauke da shekara a duk gaɓar Sawahili, tsohon harsashin yana ƙarƙashin ginin, kuma har yau ana kiran salla ana tsayawa sahu a wurin. Ni a ganina abin da ya fi burgewa shi ne aikin magina na ƙarni na 18. Sun tarar da duwatsu masu rubutun da ya shekara ɗari shida da ɗoriya, salon da ba kowa ke iya karantawa ba a lokacin, amma ba su jefar ba, suka mayar da su bangon alƙibla suka gina a kansu.

Su wa suka yi wannan aiki? Mutanen yankin da yawa suna kiran kansu Shirazi, suna danganta kakanninsu da Shiraz ta ƙasar Farisa. Masana sun lura salon rubutun ya yi kama da na Siraf, tsohuwar tashar jiragen ruwa a Tekun Fasha. Neville Chittick, wanda ya yi tono a wurin a farkon shekarun 1960, ya samu fasassun tangaran da aka shigo da su daga ƙetare, kuma kusa da gaɓa akwai kufan wata katangar dutse. Sai dai dutsen da aka sassaƙa na wannan teku ne. Murjani yana da taushi idan an ciro shi sabo daga ruwa, a lokacin ake yanka shi a zana, idan ya sha iska sai ya taurare. Wannan sana'a ce ta mutanen gaɓar, Sawahilawa, 'yan Afirka Musulmi da suka cuɗanya da baƙin fatake suka yi auratayya da su. Alaƙar ma ta girmi masallacin. A Unguja Ukuu, arewa da Kizimkazi a wannan gefe na tsibirin, an taɓa tono dinaren zinariya na zamanin Haruna Rashid.

Yanzu ga tambaya: garin da ya iya ɗaukar nauyin irin wannan sassaƙa, me ya hana shi zama birni? Kasuwa ta koma wani wuri. Tashar birnin Zanzibar ta fi zurfi da kariya, can manyan jirage suka karkata. A 1840 Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya mayar da fadarsa Zanzibar, noman kanumfari ya bunƙasa, aka cika ƙasar yamma da gonaki da bayin da aka kwaso daga cikin nahiya. Kanumfari ba ya yi a kan dutsen murjani. Saboda haka masu gonaki ba su da abin nema a kudu, suka bar wa 'yan asalin wurin, waɗanda ake kira Wahadimu, duwatsunsu da tekunsu. Mutanen suna biyan haraji ta hannun sarkinsu na gargajiya, Mwinyi Mkuu, wanda fadarsa ke Dunga, har sarautar ta ƙare a 1873, da yawansu kuma suna fita aikin tsinkar kanumfari idan kaka ta yi. Talauci ne, babu ɓoyewa. Amma ƙasar da ta hana su arziki ita ce ta sa ba a tashe su ba, kuma shi ya sa abubuwa da dama na da suka tsira a wannan kusurwa.

Ɗaya daga ciki harshe ne. A Makunduchi, garin da ke gabas da Kizimkazi, ana jin wani tsohon karin Sawahili da ake kira Kikae, wanda ɗan Dar es Salaam sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane. A can kuma ake bikin Mwaka Kogwa a watan Yuli, sabuwar shekarar Shirazi. Maza su rabu gida biyu su yi ta bugun juna da ɓawon itacen ayaba, da nufin a fitar da duk ƙullin da ke zukata kafin shekara ta shigo, mata suna zagayawa da waƙa. Daga nan a kafa 'yar bukka a cinna mata wuta, a duba inda hayaƙi ya nufa. Mutanen Musulmi ne, mafi yawansu mabiya mazhabar Shafi'i, kuma akwai malaman da ba su yarda da wasu sassan bikin ba. Muhawarar tana nan, bikin ma yana nan.

Idan aka hau gaɓar gabas zuwa Jambiani da Paje, lokacin da ruwa ya janye za a ga mata tsugune a cikin teku tsakanin turaku da igiyoyi. Ciyawar teku suke nomawa, mwani. An fara wannan noma a 1989 da irin da aka kawo daga Filifins. Ana shanya ta a sayar, a ƙetare kuma a tace wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da kayan zaƙi. Mata da yawa da ita suka fara riƙe kuɗin kansu. Matsalar yanzu ɗumamar ruwa ce: irin da ya fi tsada yana ruɓewa a ruwa marar zurfi, sai mai arha ya rage. A tsakiyar tsibirin kuma akwai dajin Jozani, wanda ya zama gandun ƙasa a 2004, gidan jan birin nan da ba a samun irinsa a wata ƙasa.

Mu koma Kizimkazi, don abin da ke kawo baƙi yau ba masallaci ba ne. Dolfin ne, pomboo a bakin mutanen gari. Yana kama da kifi amma iska yake shaƙa, uwar kuma shayar da ɗanta take yi. Iri biyu ne ke zama a ruwan nan duk shekara, mai dogon baki da mai ƙusumbi. A da farautarsu ake yi: a ci naman, a sa wani a ƙugiya don kama babban kifin nan shak, a shafa kitsen a jikin jirgi don ya hana ruwa shiga. A farkon shekarun 1990 aka fara kai baƙi kallonsu, masunta suka ga rayayyen dolfin ya fi matacce kawo kuɗi, zuwa 1996 aka daina farautar. A 1997 gwamnati ta keɓe mashigin Menai, ruwan wannan yanki mai murabba'in kilomita kusan 470, don kare halittun teku, bayan ƙauyuka sun daɗe suna kuka da masu kamun kifi da nakiya da komar da ke kwashe har 'ya'yan kifi.

Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai ya zo da nasa ciwon. Da asuba jiragen inji kan taru a kan garke guda, kowane direba na son baƙonsa ya fara faɗawa ruwa. Masu bincike daga Jami'ar Stockholm da cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Dar es Salaam da ke Zanzibar sun nuna idan jirage suka yi yawa dabbobin suna rage hutu suna ƙara yawo, abin ya fi shafar iyaye masu shayarwa. Ka'idojin ba su da wuya: a matso a hankali daga gefe, kada a bi su da gudu, kada a ratsa tsakiyar garke, kada a diro musu a kai. Amma direban da abincin gidansa ke hannun baƙo mai gaggawa ba shi zai fara bin ka'ida shi kaɗai ba. Nauyin ya fi rataya a kan kamfanonin da ke turo baƙin da hukumar da ke karɓar kuɗin shiga.

Sunan ƙauyen ya ƙara fita tun Maris na 2021, lokacin da Samia Suluhu Hassan ta zama shugabar Tanzaniya bayan rasuwar John Magufuli, mace ta farko da ta hau kujerar. 'Yar wannan yanki ce, Kizimkazi ake lissafawa garinsu, kuma a watan Agusta ana yin babban bikin Kizimkazi wanda takan halarta. Otal-otal suna ƙaruwa a gaɓa, filin dutsen da a da ba mai waiwayarsa ya yi daraja, matasan da iyayensu suka tashi a kan ngalawa suna koyon Turanci da Italiyanci don yi wa baƙi jagora. Abin da nake fata hukumomi su tsare tun da wuri shi ne wuraren da masunta ke ajiye jiragensu da hanyoyin da suke bi zuwa ruwa, don idan katangar otal ta rufe su, da wuya a sake buɗewa.

Wanda Allah ya kai shi, masallacin yana Dimbani, ba nisa da bakin ruwa. A yi shigar mutunci, a nemi izinin masu kula da shi, a roƙe su su nuna layin da shekarar take. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.