Yadda ake ɗaura babban tankin mai a kan DR650, daga warsharmu (garejinmu) ta Jidda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Auta, matso da wayar kusa, su ga babur ɗin sosai. Toh wannan Suzuki DR650 ce, tankin da take zuwa da shi daga kamfani lita 13 ne, kuma yau za mu cire shi mu ɗaura mata na Acerbis mai lita 25, na roba, ɗan Italiya. Akwai na IMS daga Amurka, akwai Safari na Ostireliya da ya fi wannan ma girma, amma ni wannan na fi so saboda bai cika faɗi a gwiwa ba in ka miƙe tsaye a kan yashi.

Tun da aka kawo gasar tseren motoci da babura ta Dakar Saudiyya a 2020, aka tashi daga nan Jidda, samarinmu kowa so yake ya shiga barri, wato hamada, da dabbab, wato babur, to amma barri babu mahatta, wato gidan mai. A kwalta babur ɗin nan tana ba ni wajen kilomita 20 a lita, a yashi kuwa shan mai take kamar ba gobe, kuma goya jarka a baya cikin zafin nan ban yarda da shi ba sam.

Inji ya huce tukuna, a waje ake aikin nan ba cikin ɗaki ba, mai shan sigari ya yi nisa. Na riga na cire marufan gefe da sit, wannan kowa ya iya. Makullin mai na asali ba shi da OFF, ON ne da RES da PRI, ka bar shi a ON, in inji ba ya aiki mai ba zai zubo ba. In ka kai shi PRI kuwa ka zare tiyo, wanka za ka yi da fetur. Miƙo min sufana... a'a bari, soket ɗin nan, sufana ba za ta zauna daidai ba a nan. Kusoshi biyu na baya, ka ɗaga, ka ja baya, shi kenan ya fita.

Yanzu ku nutsu, nan ne wajen da nake so ku gane. Tiyo biyu na zare daga tsohon makulli, babba da ƙarami. Babban na mai ne. Ƙaramin nan ba mai a cikinsa, iska yake zuƙa daga kafireta, wannan zuƙar ita ke buɗe makullin idan inji ya tashi. Sabon tanki makullinsa na hannu ne, ba ruwansa da wannan ƙaramin tiyon, sai mutum ya bar shi yana lilo ya ce ai ba shi da amfani. To kafireta za ta dinga jan iska ta nan, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, silo, wato kukan inji a tsaye ba a ba shi wuta ba, ya ƙi zama, inji ya dinga zafi, salansa na ta harbi in ka saki wuta, ka je ka kwance kafireta gaba ɗaya kana neman datti alhali ga matsalar nan a fili. An sha kawo mana babura haka. Toshe bakin za ka yi da 'yar hular roba ka ɗaure ta, kuma ka dinga dubawa don zafin ƙasar nan yana fasa roba. Wasu kusa suke cusawa a tiyon, yana aiki, amma hular ta fi tsafta.

"Mu'allim, ba a wanke tankin ba."

Madalla Auta, Allah ya yi albarka. Kafin komai a zuba fetur kaɗan a sabon tanki a girgiza a zubar, don ɓurɓushin roba daga kamfani yakan rage a ciki. Sai a ɗaura makullai, wannan guda biyu ne, hagu da dama, saboda tankin ya sauko ta gefe biyu, man ɓangare ɗaya ba ya tsallakawa ɗayan. Ku kalli ramin kusar, ƙarfen tagulla ne aka dasa cikin roba. Fara da hannu, in ta zauna ka ƙara kaɗan da sufana ka tsaya. Ka matsa da ƙarfi tagullar ta juya cikin robar, kusa ba ta shiga ba ta fita, kuɗinka sun tafi.

Robobin da ke jikin firam su zauna a wurinsu, su ke shanye girgiza. Ka tura tankin gaba ya hau kansu, kada ka ɗaure baya tukuna, leƙa ƙasa ka ga bai danne wayar wuta ko wayar totur ba. Tiyo biyu su haɗu a mahaɗa mai baki uku, daga nan zuwa kafireta, ni ina sa 'yar filta a tsakani saboda ƙura. Kada tiyon ya yi tudu, ya sauko a hankali, babu famfo a babur ɗin nan nauyin mai ne ke tura shi, in ya yi tudu sai ta mutu maka da sauran mai a tanki. Kuma nesa da kan silinda.

Murɗa kan babur hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe. Kun gani, sigina ta taɓa, sai an matsar da ita gaba. Tiyon murfi kuma kada ya lanƙwashe, ta nan tanki ke numfashi, in ya toshe mai zai daina sauka.

Na zaɓi farin nan mai nuna mai ta waje, ina zuba lita biyar biyar ina jan layi da alƙalamin maka. Sitika kam kada ku ɓata kuɗi, tururin fetur na ratsa robar ya kumbura ta. Muna da baƙi da fari a warsha, mai so ya yi mana magana, ɗan'uwa muna yi masa ragi, 'yan Makka da Madina muna aika musu.

Ƙarin lita 12 wajen kilo 9 ne a sama kuma a gaba, za ka ji kai ya yi nauyi a yashi, don haka in yawo kusa za ka yi ba sai ka cika ba. Kuma duk inda ka ajiye ta, makullai biyun a OFF, in allurar kafireta ta gaji fetur zai gangara cikin baƙin mai.

Auta zuba lita uku, fetur mai lamba 91 ya ishe ta. Buɗe na hagu. Sa takarda a ƙasa mu bar ta minti goma, in ba ɗigo sai mu mayar da sit mu tayar.