Yaro mai huji a zuciya da zazzaɓin da ya ƙi ji

Assalamu alaikum jama'a. A cikin jarirai 100, kusan 1 kan zo duniya da tawaya a zuciya: wani huji ne tsakanin ɗakunanta, wani ƙyaurenta ne, wato murfin da ke hana jini komawa baya, bai fito daidai ba, wani kuma za ku ga leɓensa da farcensa sun yi shuɗi. Iyayen irin waɗannan yara, yau da ku nake.

Ga yadda abin yake. Jinin da ke kutsawa ta hujin nan da ƙarfi yake fita, yana ta dukan bangon zuciya kamar yadda ruwan sama ke cin gefen kwalbati. Wurin sai ya kuje, ɗan gudan jini ya manne. Ƙwayar cuta na biyowa ta jini, nan za ta laɓe ta hayayyafa, ta yi curi a jikin ƙyauren. Likitoci na kiran ciwon endokadayitis. Curin kan huda ƙyauren, ko ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jikin yaro ya shanye.

To daga ina ƙwayoyin suke? Galibi daga jikin yaron. Ƙwayar sitireftokokas a baki take zaune. Haƙori ya ruɓe, dasashi na jini, ta samu hanya. Sitafilokokas kuwa ta fata ce, kuma ta fi mugunta, cikin 'yan kwanaki takan lalata ƙyaure. Maruru, ƙaiƙayin da aka sosa ya zama gyambo, tsaga da askar wanzami, allurar da ba a tsabtace ba, duk ƙofarta ne. Akwai entarokokas ta hanji da mafitsara, sai fangas (dangin fumfuna) irin su kandida, wanda bai cika faruwa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ciwon ke ɓoyewa. Zazzaɓi mako biyu, gumin dare, rama, kasala. A nan Jos kowa cewa zai yi maleriya ce ko taifot, a garzaya kemis a sayo kafso. Don Allah, kada ku yi haka da yaro mai ciwon zuciya. Kafson ba zai kashe ƙwayar da ke cikin curin ba, sai dai ya ɓatar da sawunta, a ɗebi jini a rasa gano ko wacce ce. Ku kai shi babban asibiti, irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ku faɗa wa likita tun daga farko cewa yana da huji. Sai an ɗebi jini, yawanci sau 3, kafin a fara magani, a kuma yi hoton zuciya. Maganin ta jijiya ne, mako 4 zuwa 6.

Sannan haƙori: buroshi safe da dare. In za a cire haƙori, a sanar da likitan cewa yaron na da ciwon zuciya, domin yaran da aka sa wa ƙyauren roba, da masu shuɗin leɓe da ba a yi wa aiki ba, da waɗanda suka taɓa yin ciwon, akan ba su amoksisilin, maganin kashe ƙwayar cuta, minti 30 zuwa 60 kafin a fara.