Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki, Uban Jami'a, a Taron Gyaran Shafukan Intanet na Manyan Makarantu a Kaduna

Mai Martaba Sarki, Uban Jami'a, babban baƙonmu na yau, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. 'Yan majalisar Sarki da hakiman da suka rufa masa baya, shugabannin jami'o'i da na kwalejoji, magatakarda, malamanmu na Musulunci da na Kirista, 'yan jarida, abokan aikina na sassan yaɗa labarai da na kwamfuta, da ɗalibanmu da suka cika kujerun baya: assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin da ya shirya wannan zama, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa Kaduna, sannu da hanya. Ba ƙaramin abu ba ne Sarki ya bar fada, ya bar masu gaisuwa da masu ƙara suna jira, ya taho taron da ba na yaye ɗalibai ba, ba kuma na aza harsashin gini ba. Taron masu kula da shafukan intanet ne, mutanen da ba a cika tunawa da su ba sai ranar da fotal, wato shafin da ɗalibai ke rajista da biyan kuɗi, ya ƙi buɗewa. Da muka aika goron gayyata, wasu cikinmu sun ce da kamar wuya. Ga shi Allah ya nufa, mun gode.

Ƙasar da Mai Martaba ya sauka yau ta daɗe da sanin darajar isar da saƙo. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A 1962 gwamnatin Sardauna, Sa Ahmadu Bello, ta buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a shekarar nan kuma gidan rediyo da talabijin na Arewa ya fara magana daga nan Kaduna. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin dace kawai ba. Mutanen wancan zamani sun gane cewa gina makaranta rabin aiki ne, sauran rabin shi ne talaka ya ji labarinta a harshen da yake ganewa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ta yi shekara da shekaru tana koyar da malaman firamare daga nesa da takardu zalla, tun ba wanda ya san intanet a nan. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna mai asali tun 1956, ga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta 1964, ga hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha na ƙasa baki ɗaya a kan titin Bida, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 mai harabobi a Kaduna da Kafanchan. Jihar da ta tara waɗannan ba ta da uzurin zama a baya.

Allah ya taimaki Sarki, abin da ya tara mu shi ne yadda hanyar shiga makaranta ta sauya a kan idonmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A 2017 hukumar ta kawo tsarin CAPS, inda yaro ke ganin gurbin da aka ba shi, ya karɓa ko ya ƙi. Daga 2021 ba a yin rajistar jarrabawar sai da lambar zama ɗan ƙasa. Kuɗin makaranta ta intanet ake fitar da takardar biyansa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara nema a 2024, shi ma sai makaranta ta aika bayanan ɗalibinta kafin ya samu. Saboda haka yaron da ke Ikara ko Kachia ko Birnin Gwari ko Zangon Kataf ba a ƙofar jami'a yake fara haɗuwa da ita ba. A wayar hannu yake haɗuwa da ita, wani lokacin ma wayar yayansa ce ya ara, da datar da ba ta wuce ta kwana ɗaya ba.

Mai Martaba ya fi kowa sanin cewa daga zaure ake gane gida. To, shafin intanet shi ne zauren jami'a a yau. Idan baƙo ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, ba komawa yake yi ba, wanda ya tarar zaune a bakin ƙofa shi zai tambaya. Wanda ke zaune a bakin ƙofarmu kuwa, ranka ya daɗe, sau da yawa ɗan damfara ne. Ya buɗe shafi a Facebook da tambarin makaranta da hoton ƙofarta, ya buɗe dandali a WhatsApp, yana amsa tambaya cikin dare da rana, da Hausa mai daɗi, har da "in sha Allahu Baba an gama". Uba ya sayar da buhun masara ko ɗan akuya ya tura kuɗin gurbi. Sai ranar da ya kawo yaro da akwatinsa yake jin cewa sunan ba ya ko'ina. Mukan ce jahilci ne ya ja masa. Ni ban yarda ba. Mutumin nan ya nemi gaskiya, mu ne ba mu ajiye ta inda zai same ta ba.

Ba zan kama sunan kowace makaranta ba, don kowa a ɗakin nan ya san nasa. Akwai shafin da za ka buɗe ka tarar labarin da ke samansa na bikin da aka yi shekarun baya ne, shugaban da hotonsa ke wurin ma ya daɗe da gama wa'adinsa. Akwai wanda aka cika fuskarsa da manya-manyan hotunan shugabanni suna gaisawa, kafin su gama buɗewa datar yaro ta ƙare, bai ga ranar fara rajista ba. Lambar wayar da aka rubuta ta neman taimako, ka kira ka ji a kashe. Ranar ƙarshe ta rajista fotal ya tsaya cik, yara su yi layi a shagunan kafe har dare, mai shago ya riƙe lambobin sirrinsu a littafinsa. Tsohon ɗalibin da ya samu gurbin ƙarin karatu a Ingila ko Masar ko Malesiya ya yi ta zarya a kan cikakkiyar takardar sakamakonsa har lokacin ya wuce. Farfesa guda kuma yana aika wasiƙar aikin jami'a da imel ɗinsa na Yahoo, can waje su tsaya suna shakkar ko da gaske daga jami'a ta fito.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ɗan kwangila. A ba shi aikin gina shafi, a yi bikin buɗewa, a ci a sha, ya tafi da makullin a aljihunsa. Sunan shafin da sunansa aka yi rajista, kalmar sirri tana wurinsa. Ranar da aka saɓa a kan ragowar kuɗi, ko wa'adin sunan ya cika ba wanda ya tuna ya sabunta, sai makaranta guda ta ɓace daga intanet. Sashen kwamfuta ya ce shi na'ura ya sani, rubutu ba aikinsa ba ne. Sashen yaɗa labarai ya ce ba a ba shi hanyar shiga ba. Ofishin magatakarda kuma ya liƙa sanarwa a allo ya ce ya sauke nauyi. Mafi yawan ciwon nan ba na rashin kuɗi ba ne, na rashin wanda za a kama ne idan abu ya lalace. Shi ya sa muka zaunar da sassan uku a teburi ɗaya, abin da ba kasafai ake gani ba.

Akwai kuma haƙƙi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanmu kamar yadda ta hau kan bankuna, don haka zamanin a watsa jerin sunayen ɗalibai da lambobin wayarsu da makinsu a dandalin WhatsApp ya kamata ya wuce. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba matakalar gini kaɗai ya kamata ta tuna mana ba. Ɗalibi makaho yana da manhajar da ke karanta masa rubutu a waya, amma idan muka ɗauki hoton takarda muka ɗora a matsayin sanarwa, manhajar ba abin da za ta karanta masa. Gyaran wannan ko sisi ba ya ci, a buga sanarwar da rubutu kawai.

Shugabanninmu sukan tambaye mu matsayin makaranta a jerin nan na Webometrics, mai jera jami'o'in duniya bisa yadda ake ganin aikinsu a intanet, wanda wata cibiyar bincike a Sifaniya ta fara fitarwa a 2004. Ba laifi a duba, amma ba shi za mu sa a gaba ba. Idan kundayen binciken digiri da ke shan ƙura a ɗakunan karatu suka hau ma'ajiyar intanet ta makaranta, idan kowane malami yana da shafin da ke nuna fanninsa da abin da ya wallafa, matsayin zai zo da kansa. Mai nazarin noman citta a kudancin Kaduna bai kamata ya maimaita aikin da wani ya gama a Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, ba don kawai bai san an yi ba.

Sai batun harshe. Uban da ke biyan kuɗin makaranta, da uwar da ta sayar da abin wuyanta, ba lallai su ji Turanci ba. Muna so kowace makaranta a nan ta samu aƙalla shafi guda da Hausa mai sauƙi: yaushe ake rajista, nawa ne kuɗin, ina ake biya, wa za a kira. Kuma ba za mu saki rediyo ba. Mutanen jihar nan ba su manta ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. Ɗalibin da ke can a lokacin, duk kyan shafinmu bai gan shi ba. Babbar sanarwa ta hau intanet, ta tafi ta saƙon tes, a kuma karanta ta a rediyo.

Ranka ya daɗe, ba a zuwa gaban uba a tashi ba a yi roƙo ba. Muna roƙon Mai Martaba, in ya zauna da shugabannin majalisun gudanarwa da takwarorinsa iyayen jami'o'i, ya sa baki a ware wa kula da shafukan nan kasonsu a kasafin kowace shekara, har da kuɗin sola da batir na ɗakin na'urori, don wutar lantarki ba ta san ranar rajista ba. A kuma yi doka cewa sunan shafi da makullinsa mallakar makaranta ne, ba na ɗan kwangila ko na wani ma'aikaci ba.

Roƙon da ya fi girma shi ne wanda mu ba za mu iya ba, sai Sarki. Muryar fada tana kaiwa inda tamu ba ta kaiwa. Idan umarni ya sauka ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, limamai suka faɗa a huɗuba, fastoci suka faɗa a coci, cewa ba a sayar da gurbin jami'a, cewa gurbin da bai fito a CAPS ba ba gurbi ba ne, cewa adireshin makarantunmu da edu.ng yake ƙarewa, kuma ba makarantar da ke karɓar kuɗinta ta asusun wani mutum, to kasuwar 'yan damfara za ta ragu ƙwarai kafin kakar neman gurbi mai zuwa.

Abokan aikinmu masu adana tarihi kuma sun ce kada in sauka ban isar da nasu ba. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke garin nan suna riƙe da tsofaffin takardu masu yawa, amma mun san akwai rubuce-rubucen ajami da na Larabci a fadoji da gidajen malamai waɗanda gara da damina ke ci. In Mai Martaba ya ba da izini, ɗalibanmu za su zo su ɗauki hotonsu a inda suke, ba tare da takarda ko ɗaya ta bar hannun masu ita ba.

A ɗakin da ke kusa da nan, ɗalibai sun jera ƙananan wayoyi irin waɗanda ake riƙewa a ƙauye, kowace da 'yar data kaɗan. Bayan an tashi za mu so Mai Martaba ya leƙa, ya zaɓi makarantar da ya ga dama, a nemo masa ranar rajistarta da kuɗinta a gabansa. Shugabannin makarantu sun amince da wannan gwaji, ko da yake na ga wasu sun fara gyara zama.

Yanzu muna roƙon Mai Martaba ya sa wa wannan zama albarka, ya buɗe mana shi. Allah ya taimaki Sarki.