Lacca: Rayuwar Cerura vinula a Jikin Bishiyar Wilo

Assalamu alaikum, malamaina da ɗalibai 'yan'uwana. Ƙwaron da zan yi magana a kansa yau yana cikin dangin malam-buɗe-littafi masu tashi da dare, kuma masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya bayyana shi a rubuce a shekarar 1758. Sunansa na kimiyya Cerura vinula. Ana samunsa a yawancin ƙasashen Turai, a bakin koguna, da dazuzzuka masu danshi, da lambuna, duk inda bishiyar wilo ko 'yar'uwarta fofla (willow da poplar a Turance) ta tsiro.

Balagaggen fari ne mai laushin gashi da zane baƙi-baƙi, kuma a Ingila ana ganinsa daga watan Mayu zuwa Yuli. Macen ba ta tara ƙwai wuri guda, sai dai ta ajiye ɗaya, ko biyu, ko uku a saman ganye, galibi a kan ƙananan itatuwa masu tasowa.

Tsutsar ce ta fi ɗaukar hankalina. Baƙa take ƙyanƙyashewa, sannan ta rikiɗe ta zama koriya da wani tabo mai duhu a gadon bayanta kamar sirdi, abin da ke sa tsuntsu ya kasa bambance ta da ganye. Idan ɓuyan bai yi amfani ba, sai ta ɗaga gabanta, ta janye kai ciki, wani jan zobe mai ɗigo biyu baƙaƙe ya bayyana, mai farauta ya zaci idanu ne. Daga wutsiyoyinta biyu kuma takan fito da jajayen zare tana kaɗawa, in an matsa mata ta fesa ruwa mai ƙuna irin na wasu tururuwai.

Da lokacin zafi na Turai ya ƙare, sai ta tauna ɓawon bishiya, ta cuɗa shi da zaren da take fitarwa, ta gina kwanso mai tauri wanda ya saje da jikin itacen. A ciki take wuce hunturu gaba ɗaya, kuma idan lokacin fita ya yi, sai balagaggen ƙwaron da ta rikiɗe ta zama ya jiƙa bangon kwanson da wani ruwa domin ya yi laushi.

Ku lura da cewa zuriya ɗaya tak ake samu a shekara, kuma mafi yawan watannin a cikin kwanson suke ƙarewa. Saboda haka nake ganin kuskure ne a riƙa share ƙananan wilo na bakin ruwa da hunturu ana zaton babu rai a jikinsu, domin wanda ya sare su ya kwashe ƙwarin shekara mai zuwa tare da itacen.